Barguna Ashirin da Biyu

Hammajoda ya dawo Bauchi ana sauran kwana biyar a karɓi mulkin kai. A bayan wata motar kaya ya zo daga Jos, da jakar soja a kafaɗa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ni na fara ganinsa, domin teburina yana gindin ceɗiyar da ke ƙofar gidan waya, inda na shekara goma sha huɗu ina rubuta wa mutane wasiƙa, kuma duk wanda ya sauka a tasha sai ya bi ta gabana. Taubashina ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka ko motsi ban yi ba. Na ce masa ashe Sarauniya ba ta ciyar da bayinta. Ya ce gara shi, ni da benci ya cinye wa wando. Sannan muka riƙe hannun juna muka daɗe ba mu saki ba, don gaskiya na yi kewar ɗan banzan.

Wata bakwai ya yi a tsaunukan Kamaru, ta wajen Bamanda, kuma wasiƙa biyu kacal ya aiko, su ma ba su ce komai ba sai gaisuwa da cewa ana sanyi. Sai da muka zauna a zaurensa a unguwar Ɗan Iya, ya ci masa da miya har ya gaji, sannan na san abin da ya je yi. 'Yan tawaye ne daga ɓangaren Faransa suke tsallako iyaka su shiga ƙauyuka, su karɓi abinci, su ɗebi samari, wanda ya ƙi su ƙone masa gida. Bataliya guda ba za ta iya zama a kowane ƙauye ba. Sai aka tsamo mutum tara cikin waɗanda suka san yaƙin daji tun Bama, lokacin yaƙin duniya, aka haɗa su da wani kyaftin Bature, aka tura su wani ƙauye mai suna Mbelu su koya wa mutanen wurin tsare kansu. Hammajoda ne sajansu.

A idon kowa, su 'yan sintiri ne da suka kafa tanti a bakin rafi. Aikin gaskiya a cikin wani kwazazzabo ake yinsa. Mutum ashirin da biyu suka zaɓa, manoma da maharba da kafinta ɗaya, suna zuwa bibbiyu ko uku-uku kamar za su duba tarko ko su ɗebo bammi. Ko sarkin ƙauyen bai san su duka ba. Mutum ɗaya ce ta san sunayen gaba ɗaya, Malama Juliana, mai koyarwa a makarantar mishan, wadda take yi musu tafinta. Ɓoyewar ba ta ado ba ce. 'Yan tawaye suna da kunne a kowace kasuwa, kuma duk wanda suka tabbata yana tare da soja ba ya ganin girbi.

Ya koya musu karanta sawu yadda ubansa ya koya masa neman ɓatacciyar saniya. Ya koya musu kwanciya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa tururuwa na yawo a wuyan mutum bai motsa ba, da ƙirga abokan gaba kafin a harba, da tafiya ba tare da komai mai nauyi ba. Darasin da ya fi nanatawa shi ne, ranar da soja suka tashi, kada ɗayansu ya sake kwana a gida. A daji za su kwana uku-uku, kuma kada su maimaita wuri. Da ya zo kan kafintan nan, Ngwa, sai bakinsa ya ƙi rufuwa. Wai gajere ne, komai dariya yake ba shi, amma yana jin warin taba daga tsallaken kwari, kuma cikin wata huɗu ya fara gyara wa Saja kansa wurin kwanto. Na ce to ashe an sami wanda ya fi ka, alhamdu lillahi. Ya ce ai dama don haka aka je.

Ƙarshen labarin ƙasa yake kallo da ya faɗe shi. Tunda Nijeriya za ta karɓi mulkinta, an ce sojanta su fita daga Kamaru kafin ranar. Sojan Ingila za su maye gurbinsu, amma a manyan garuruwa za su zauna. Bindigogin da aka ba mutanen Mbelu aka karɓe su ɗaya bayan ɗaya, aka bar su da adakarsu ta farauta. Ya ce bai ji daɗi ba, amma ya kwantar da hankalinsa da abu ɗaya: babu wanda ya san su.

Washegari da hantsi muna kan dakalin ƙofar gida muna shan koko. Matarsa Rabi'atu ta juye jakar sojan nan ta wanke komai tun da sassafe, ta shanya a kan katanga, har da wani bargo mai launin toka da jan layi a baki. Sai ga Hajja Zinariya, maƙwabciyarsu, tana tafe da sanda daga can ƙarshen lungu. Tsohuwar nan ba ta gane jikokinta sai sun yi magana. Amma tun ba ta ƙaraso ba take cewa ashe soja ya dawo, barka da arziki. Na tambaye ta wa ya gaya mata, tunda jiya da magariba ya shigo.

"Wa zai gaya mini? Tun daga kwanar masallaci na hango bargo. Wa ke da irin wannan in ba soja ba?"

Ta wuce ciki wajen Rabi'atu. Hammajoda ya ajiye ƙoƙon kokonsa a hankali. Ya miƙe ya je ya tsaya gaban katangar, ya ja da baya taki goma, ya ƙara goma, ya tafi har kwanar masallacin ya juyo ya duba. Da ya dawo ban gane fuskarsa ba.

Sannan ya gaya mini abin da bai ga dalilin faɗa ba jiya. Ranar da za su tashi, kyaftin ya riga ya yi gaba zuwa Bamanda. Mutanensa suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya ta bayan tanti, wannan da goro, wannan da zuma, Ngwa da wata 'yar kujera da ya sassaƙa masa. Shi kuwa a gidan da aka haife shi, ba a kawo maka kaya ka sallami mutum ba tukwici. Ya duba jakarsa babu abin kirki. A sito kuma ga barguna jibge, direba ya ce motar ba za ta hau taɓo da su ba, a bar su. Garin da tsofaffi ke kwana rungume da murhu saboda sanyi. Ya ba kowa ɗaya, har yana jin ya yi abin arziki.

"Wata bakwai ina ɓoye su, Mansir," in ji shi. "Rana ɗaya na kafa wa kowane gida alama da hannuna."

Ya ce matan can a kan shingen gida suke shanya, kuma damina tana ƙarewa, ranar farko da aka yi rana sosai kowace za ta fito da kayan kwanciya. Wanda ya hau tudun da ke bayan makaranta da goro a baki zai ƙirga gidajen kafin ya gama tauna. Na ce wataƙila za su yi hankali su ɓoye. Ya ce shi da ya yi Bama bai yi wannan tunanin ba, sai matar Ngwa ce za ta yi? Ni ma abin ya dame ni, duk da ban san ko mutum ɗaya a cikinsu ba.

Daga nan zama ya ƙare mana. Muka fara da barikin 'yan sanda, saboda akwai na'urar magana a can, kuma mai kula da ita, Kofur Zakka, tare suka yi Bama. Zakka ya saurare shi tsaf, ya rubuta saƙon, ya ce zai tura. Amma ya faɗa masa gaskiya, na'urarsa da Kaduna kaɗai take magana, Kaduna kuma a makon nan babu abin da ke kanta sai shirin biki. Ko saƙon ya isa hannun da ya dace, daga ranar Asabar Kamaru ba tamu ba ce, sai an bi ta hannun Turawa, su kuma ba su san inda Mbelu take ba. Hammajoda ya yi masa godiya muka fito, yana tafe ina binsa da gudu-gudu, ni da ba na son rana.

Saura buga waya, wato talgiram. A nan ne aikin ya faɗo kaina, kuma a nan muka yi faɗa. Mbelu ba ta da gidan waya. Saƙo sai ya sauka a Bamanda, wani ɗan aike ya sa shi a jaka ya kai ranar kasuwa, kasuwarsu kuma kwana takwas-takwas take ci. Shi yana so in rubuta wa Malama Juliana ƙarara cewa mutanensa su ƙone barguna kafin 'yan tawaye su gani. Na ce masa waya ba wasiƙa ba ce, ba ta da ambulan sai ta isa. Akawun nan zai karanta, na Jos zai karanta, na Inugu, na Bamanda, ɗan aike ma in ya yi aji uku zai leƙa. In a cikinsu akwai kunnen 'yan tawaye ɗaya, to mu da kanmu muka ce musu ku nemi bargo. Ya ce to ya yi shiru ke nan? Na ce ya yi shiru na minti biyar dai, in yi tunani, in Fulani suna iyawa.

Takarda shida na ɓata. A ta bakwai na rubuta da Turanci cewa likitan soja ya gano bargunan da aka bari a Mbelu na masu cutar agana ne, duk inda suke a ƙone su yau, kada a shanya. Ba sunan kowa, ba adadi. Duk wanda ya karanta zai ɗauka maganar asibiti ce, kuma babu macen da za ta ji agana ta bar abu a ɗakinta. Na karanta masa da Hausa, ya dube ni ya ce ashe benci bai cinye kan ba. Ban ɓoye ba, na ji daɗin kaina sosai a ranar, har na tafi gida ina ganin na ceci mutum ashirin da biyu daga gindin ceɗiya.

Mista Anayo, akawun waya, mutumin kirki ne, shekara tara muna gaisawa ta taga. Ya karanta ya ɗaga kai ya dubi Hammajoda, bai tambayi komai ba.

"Saja, wannan waya ba zai tafi yau ba," in ji shi. "Iska ya kayar da sanda bayan Jos. In an gyara, naka ne na farko, na yi maka alkawari."

Ya nuna mana tarin takardu a gefensa, duk gaisuwar murna ce zuwa Ikko da Kaduna, daga 'yan kasuwa da ƙungiyoyi da duk wanda yake so a san yana raye. Ya zare tamu ya ɗora a sama ya danne da dutse. Ranar Laraba ba a gyara ba. Hammajoda ya wuni a tsaye a bakin tagar, har masu sayen kan sarki suka fara zagaye shi suna zaton gadi aka kawo. Sai ranar Alhamis da azahar muka ji na'urar tana ƙwanƙwasa, Anayo ya ɗaga masa babban yatsa.

Na zaci zai sami sauƙi. Da la'asar ɗin ranar na same shi a tasha da jakarsa, yana tambayar direbobi hanyar Bamanda. Wani tsohon direba ya lissafa masa: Jos, Makurɗi, Inugu, sannan hanyar Mamfe, wadda rana ɗaya ake hawa rana ɗaya ake sauka saboda ƙunci, in ruwa bai cinye gada ba. Kwana tara in Allah ya so. Takardar hutunsa kuma Bauchi ta ce, in aka kama shi a wani wuri ya zama gudajje. Duk wannan bai dame shi ba. Sai na faɗa masa abin da ya dame shi. Na ce in ka isa Mbelu da wannan fuskar da kowa ya sani, gidan wa za ka fara shiga? Duk ƙofar da ka yi wa sallama ka gama da mai ita. Ya ɗaga hannu, na ɗauka marina zai yi a gaban 'yan kamasho, kuma da ya yi da ban rama ba. Sai ya sauke hannun ya ɗauki jakar muka koma gida.

Rabi'atu ta naɗe bargon ta cusa ƙarƙashin gado, kamar ita ta yi laifi da ta wanke shi. Ta tare ni a bakin zaure ta ce, Yaya Mansir, wata bakwai tana jiran miji, an kawo mata jikinsa an bar sauran a Kamaru. Ta ce ba ya gama cin abinci, ba ya gama magana, ko alwala yake sai ya tsaya da buta a hannu yana ƙirga wani abu da yatsu. Na ce ta yi haƙuri. Kalmar nan na rubuta ta a wasiƙa ta fi dubu, ban taɓa jin ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.

Ranar Asabar garin ya cika ya batse. 'Yan makaranta da ƙananan tutoci, mata da sabon ɗinki, mutanen ƙauye tun daga Miri da ƙafa. Ɗan garinmu ne ke riƙe da ƙasar, saboda haka kowane ɗan Bauchi tafiya yake kamar shi aka naɗa. An sa tsofaffin sojoji a sahu ɗaya, aka roƙi Hammajoda ya tsaya a gabansu da kaki. Da aka ɗaga sabuwar tuta ni dai na yi kuka, kuma ban ji kunya ba. Da na share ido na dube shi, yana ƙame kamar yadda ake so, hannun dama a goshi, amma na hagu da ke manne da cinyarsa yatsun suna motsi. Daga baya ya ce mini lissafin kasuwar Mbelu yake yi. In ta ci ranar Juma'a, waya ta rasa ɗan aike da kwana ɗaya, sai bayan wasu kwana takwas ɗin.

Makonnin da suka biyo baya ya zame mini ƙarfen ƙafa. Kafin in kafa tebur yana nan, a kan bencin da masu wasiƙa ke zama. Tsohuwar da ta zo ta aika wa ɗanta a Kurmi asirin gida ba za ta buɗe baki ba ga ƙaton soja yana huci a gefenta. Na kore shi ya tafi gonar ƙaninsa a Miri wai zai taya girbin gero, kafin azahar ya dawo, ƙanin ya aiko cewa don Allah in riƙe shi, rabin zangarniyar a ƙasa ya bari. Ya zaga ganuwar gari daga Ƙofar Wunti ya dawo Ƙofar Wunti. Ya je ya kalli masu shimfiɗa layin dogo, ya dawo yana cewa da an gama shi da yanzu ya rage kwana biyu a hanya, hanyar da shi kansa ya san ba zai bi ba. Duk ranar da jakar wasiƙu ta zo daga Jos shi ke taya sauke ta. Sau biyu ya sa na sake rubuta wa Malama Juliana wasiƙar gaisuwa, ba komai ciki sai adireshina da manyan baƙaƙe.

Takardar da ta fara zuwa ba ita muke jira ba. Ta soja ce, tana cewa ya koma Kaduna ranar Laraba, za a kai bataliyarsu Kwango, kuma an sa sunansa cikin waɗanda za su koyar da 'yan sandan can. Ya karanta lambarsa a kai, iyakar abin da yake iya karantawa da boko ke nan, ya ninke ya sa aljihu.

Ranar Talata da hantsi Mista Anayo ya fito da kansa daga bayan taga, abin da ban taɓa gani ba, ya ajiye shuɗin ambulan a teburina ya koma. Tambarin Bamanda ne, rubutun mace mai koyar da yara, kowane baƙi a tsaye. Al'adata in karanta wasiƙa a zuci tukuna, in san inda zan sassauta murya. Hammajoda ya dafa takardar ya ce a'a, yadda idona ya gani haka bakina zai faɗa.

Layin farko bayan gaisuwa ya ce mutanensa ashirin da biyu duk suna raye, ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Ya kifa goshi a kan tebur yana alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Ya ɗago yana dariya da hawaye, ya ƙwala wa mai sayar da masa kira ta kawo na kowa da ke wurin, ya ce yau ko ni ɗin nan ya yafe mini duk abin da na yi masa tun muna yara. Ni kuwa idona ya riga ya gangara ƙasa. Ba zan yi ƙarya ba, na yi tunanin ninke takardar a nan, gobe ya hau mota da farin ciki, Kwango ta yi nisa, wa zai gaya masa. Amma mutumin da ke karanta sawun saniya a kan dutse ba zai kasa karanta fuskata ba. Ya daina dariya ya ce in ci gaba.

Malama Juliana ta ce waya ta iso ranar kasuwa, kwana uku bayan 'yan tawaye sun zo. An yi rana mai kyau a makon da soja suka tashi, kowa ya yi shanya. 'Yan tawayen sun zo da asuba, ba su yi ta lalube ba, gidajen da suke so kawai suka shiga. Ba su sami ko ɗaya daga cikin mutanensa ba, domin duk suna daji kamar yadda ya koya musu. Bargunan kuwa ba su tafi da su daji ba, tunda ya ce kada su ɗauki abu mai nauyi. Kowa ya bar nasa ga wanda ya fi jin sanyi a gidan. Duk wanda aka samu lulluɓe da shi aka fito da shi tsakar gida.

Sai sunayen waɗanda aka kashe, goma sha ɗaya, ta jera su kamar rajistar aji. Bih, mahaifiyar Ngwa. Che, makaho, surukin Tanyi. Lum, matar Neba, da cikin wata bakwai. Manka da Sirri, 'yan uwan juna, tsofaffi, bargo ɗaya suka raba. Ina karantawa yana girgiza kai a kan kowane suna, yana cewa bai san ta ba, bai san shi ba, bai san ta ba. Wata bakwai ya yi a ƙauyen bai taɓa shiga gidan ɗayansu ba, don kada a gane su. Mai masa ta iso da faranti ta tsaya, ta dube mu, ta koma da abinta.

Akwai saura. Mutanen sun ji harbin daga kwazazzabo. Ba su ruga cikin gari ba, sun bi abin da aka koya musu, suka riga 'yan tawayen zuwa mashigin rafi suka kwanta. Sun ƙirga kafin su harba. Da adaka suka kayar da huɗu, suka ƙwace bindiga biyu, ba su rasa kowa ba. Ngwa ya ce a gaya wa Saja da ya ga kwanton da ya yi murna da su. Sun binne mutanensu, sun ƙone bargunan da suka rage tunda waya ta ce a ƙone. Har yanzu a daji suke kwana. Matan da suka rage suna tsoron kwana su kaɗai, suna roƙon mazan su dawo gida. Ngwa ya ce ba za su yi komai ba sai sun ji daga malaminsu, abin da ya ce shi za su yi, su kwana gida ko su ci gaba da kwana a daji.

Na ajiye takardar. Ya ce in sake faɗa masa sunan uwar Ngwa. Na ce Bih. Ya maimaita sau biyu a hankali, yadda mutum ke yi da sunan da ba ya so ya manta. Sannan ya ce in ɗauko takarda.

Na rubuta kwanan wata da gaisuwa, na tsoma alƙalami na jira.

"Ka ce su koma gida su kwana tare da iyalinsu," in ji shi.

Na rubuta. Kafin tawadar ta bushe ya ce a'a, in soke. Yanzu an san gidajen, in suka kwana ciki za a same su a kan gado. Na ja layi a kai. Ya ce in rubuta su ci gaba da kwana a daji. Na kai alƙalami, ya riƙe mini hannu, ya ce in sun ci gaba, wa za a samu a gida in an dawo? Ya miƙe ya zaga ceɗiyar, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa. Aka kira azahar muna nan. Aka kira la'asar, Anayo ya leƙo ya ce za a rufe jakar Jos, kuma ita ce ta ƙarshe kafin motar su Hammajoda ta tashi gobe.

Ya ce in sa ta a ambulan haka. Na ce masa ai babu komai a ciki sai layi ɗaya, shi ma sokakke ne.

"Malama Juliana za ta iya karanta abin da ke ƙarƙashi," in ji shi. "Ka rubuta sunana a ƙasa, kada ka sa Saja. Iyakar abin da na sani ke nan."